Wan da Sa'idu Faransi Ya Ƙaga Mana

Sunana Bukar. A Limawa aka haife ni, cikin Jimeta, ko da yake iyayena daga Barno suka zo. Walda na koya a bakin kwata, zamanin da jiragen ruwa ke hawo Binuwai da damina, su sauke gishiri da siminti, su ɗebi gyaɗa da auduga. Da manyan motoci suka ƙwace lodin sai jiragen suka yi ta raguwa, har aka yi daminar da muka zauna muna kallon ruwa kawai. Tsohon ogana Bassi, mutumin Kalaba, ya riga ya tsallaka Gabon yana aiki a wani kamfanin katako. Shi ya aiko mini da takardar ɗaukar aiki, ya ƙara da hannunsa a ƙasa: "Bukar, kom kwik, wok de," wato in zo da sauri, akwai aiki. Lokacin muna jihar Arewa maso Gabas, komai sai an je Maiduguri, can na yi ta zarya har fasfo ya fito. Biza kuwa aka ce in nema a Yawunde, tunda a kan hanyata take.

A tashar mota ta Garwa, bayan na tsallake iyaka, na haɗu da Bappa Hammajam. Dattijo ne siriri, da butar ƙarfe a hannu da tabarma a hammata, yana tsaye tsakiyar tasha kamar wanda aka ajiye aka manta. Na ji yana tambayar motar Ngawundare da irin Fulatancinmu na gida, sai na matsa na gaishe shi. Ya ce shi manomi ne daga Mbamba, can wajenmu kusa da Jimeta. Ya ƙare wa tsagar fuskata kallo, ya yi murmushi.

"Babarbare! Allah ya kawo mini bawana har ƙasar waje. Ɗauki tabarma."

Na ce, "Bappa, tun yaushe Bafillace ya mallaki bawa? Kawo dai in taimaki talakana."

Wannan wasan na Fulani da Barebari shi ya ɗaure mu. Kafin mu kai Ngawundare na san abin da ya fito da shi. Ɗansa Usumanu tela ne a Oyem, wani gari a arewacin Gabon, ya yi shekaru bai zo gida ba. Sai ga wasiƙa, wai yana kwance, ƙirjinsa ya ƙi, yana son ganin babansa. Bappa ya sayar da bijimin nomansa ya kamo hanya. Wasiƙar tana cikin aljihun 'yar cikinsa, naɗe a tsumma, da adireshin gidan a bayanta.

Daga Ngawundare muka hau jirgin ƙasa. Ƙasa ta riƙa sauyawa a idonmu, ciyawa ta ƙare, daji ya rufe sama. Da muka sauka Yawunde sai na zama kurma kuma bebe. Ina jin Hausa da Fulatanci da Barbarci, ga Turancin kasuwa, amma a garin nan duk ba su saya mini ko ruwan sha ba, sai Faransanci. Da nuni da hannu muka kai unguwar Hausawa, aka sauke mu gidan wani Alhaji Manu mai karɓar baƙi.

A zauren gidan muka ga Sa'idu. Ya sha kwat da takalmi mai sheƙi, alƙalami biyu a aljihu. Kowa Sa'idu Faransi yake ce masa. Da ya ji daga inda muka fito sai ya miƙe ya rungume ni.

"Ɗan Limawa! Ai ni ma ɗan Jimeta ne, a bayan kasuwa na girma. Bappa, sannu da hanya, ka iso wurin ɗanka. Biza? Ku kwantar da hankalinku. Ni nake cika wa duk mutanenmu fom."

Wanda bai taɓa baƙunta ba, ba zai san daɗin jin sunan unguwarsu a bakin wani ba. Ya tambayi masu gidaje na gaske, ya san mai kunun gyaɗar bakin tasha. Wa zai yi zargin irin wannan? Alhaji Manu ma ya sa baki, ya ce yaron nan ba ya wasa da aikinsa.

Washegari ya zo da fom guda biyu. Na miƙa masa takardar kamfani, ya ɗan leƙa ya maido mini. Bappa ya kwance tsummansa, ya ce ga adireshin Usumanu. Sa'idu ya ce, "Ajiye abinka, Bappa, na gani." Ya koma lungu, ya juya mana baya yana rubutu. Na ce ya karanta mana abin da ya rubuta, sai ya yi dariya.

"In na karanta ji za ka yi? Yaren Nasara ne. Sa hannu nan. Bappa, kawo yatsa."

Na sa hannu, Bappa ya dangwala. Muka biya shi abin da ya yanka, har da godiya. Ba a daɗe ba ya dawo mana da fasfo da hatimi a ciki, muka yi ta sa masa albarka. Bappa har da ba shi goron da ya ɓoye don ɗansa.

Muka gangara kudu a bayan wata motar koko, ruwa na dukanmu, hanya ja wur da taɓo. Muka wuce Ebolowa, muka wuce Ambam, muka iso bakin wani kogi mai baƙin ruwa. Aka ce tsallaken can Gabon ne. Kwalekwale ya haye da mu. Bappa ya ɗebi ruwan ya wanke fuska, ya ce mini direba ya gaya masa daga nan zuwa Oyem ba nisa, in an samu mota da wuri a yi la'asar a can.

Ofishin kan iyakar ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano. Jami'in ya karɓi fasfona, ya duba wata takarda da aka liƙa a ciki, ya yi tambaya. Wani mahauci Bahaushe da ke zaune a garin shi yake yi musu tafinta. Ya ce, "Wai me ya kawo ka?"

Na ce aiki, na fito da takardar kamfani, na nuna akwatin kayan aikina. Jami'in ya dubi wannan, ya dubi wancan, fuskarsa ta ɗaure.

Mahaucin ya ce, "A nan an rubuta kai ɗan kasuwa ne, ziyara za ka wurin wanka Malam Isa a Libarbil, babban birnin ƙasar."

Na ce, "Wane Malam Isa? Ni ne babba a ɗakinmu, ba ni da wa."

Aka kira Bappa. Shi ma ɗan kasuwa, shi ma ziyara, shi ma wurin wansa Malam Isa a Libarbil, gida ɗaya, titi ɗaya. Dattijon da gemunsa ya yi fari fat, an ba shi wa ɗaya da ni. Jami'in ya buga tebur yana magana da ƙarfi, sauran suka fashe da dariya. Mahaucin ya sunkuyar da kai.

"Yana tambaya wai Malam Isan nan ƙanne nawa gare shi. Duk wanda ya zo daga hannun mutumin nan na Yawunde, wansa ke nan. Sun aika an duba, babu gidan, babu mutumin."

Bappa ya fito da wasiƙar Usumanu, ya riƙe ta da hannu biyu. Ya ce wa mahaucin, "Useko, don Allah, gaya masa ɗana yana Oyem ba lafiya. Ga takardarsa. Ya haɗa ni da ɗan sanda in gan shi in dawo." Mahaucin ya faɗa, har ya ƙara da nasa roƙon. Jami'in ya ce wanda ya yi ƙarya a takarda ɗaya, don me za a yarda da ta biyu? Ya nuna inda Bappa ya dangwala yatsa, ya ce wannan yatsan wa ne?

Babu abin da ya ƙona mini rai kamar wannan. Mutumin da na gani da idona ya tsayar da motar koko don ya mayar wa mai ayaba canjin da ta yi kuskure, shi ake kira maƙaryaci, kuma ga yatsansa a kan ƙaryar.

Suka buga mana wani jan hatimi a fasfo, suka tsare mu a rumfar har sai an sami kwalekwalen da zai mai da mu tare da ɗan rakiya. Kwanakin da muka yi a can sauro ya ci rabonsa. Matar mahaucin ce ta riƙa aiko mana da dafaffen rogo naɗe a ganye, da romo a gwangwani. Bappa ba ya ci sai ya ga na ci. Yini yake yi yana kallon motocin da ke ɗaukar fasinjan Oyem. Wata rana ya roƙi wani direba ya kai wa Usumanu saƙo cewa babansa na bakin ruwa. Direban ya gyaɗa kai, ban san ko ya ji abin da aka ce ba.

Da muka koma Yawunde ban ko ajiye akwati ba na shiga zauren Alhaji Manu. Sa'idu na zaune da wasu sababbin baƙi uku, yana shan shayi. Na jefa masa fasfo a cinya.

"Wane ne Malam Isa?"

Ko gezau. Ya ce, "Kai ka jawo. Wa ya ce ka ce aiki? Da ka ce wurin wanka za ka, da yanzu kana can."

"Ka gaya mini ina da wa?"

"Sai an gaya maka komai? Mai hankali ai gani yake ya gane."

Na ce, "To Bappa fa? Shi da yake da ɗa na gaske, da adireshi na gaske, ziyara ce ta gaske, me ya hana ka rubuta gaskiyar?"

Ya kurɓi shayinsa. Sai na zaro takardar kamfanina na buɗe a gabansa, na ce ya karanta layin farko kowa ya ji. Ya riƙe ta yana motsa leɓe, ya ce idonsa na ciwo. Nan na gane. Faransancin Sa'idu bai wuce na gaisuwa da cinikin tasi ba. Wani tsohon fom gare shi da wani ya taɓa cikawa, shi yake kwafa harafi harafi, sunan mutum kawai yake sauyawa. Na cakumi wuyan kwat ɗinsa, mutane suka raba mu.

Na zaci Alhaji Manu zai kore shi. Sai ya jawo ni gefe yana magana ƙasa-ƙasa.

"Malam Bukar, a baƙon wuri muke. In magana ta kai ga hukuma duk mu za ta shafa. Yaron nan yana da iyali. A rufa asiri. Ƙaddara ce, ba a wuce ta."

Na ce, "Alhaji, asirin wa za a rufa? Na wanda ya yi cuta, ko na wanda ɗansa ke kwance?"

Ya ce in ba zan yi haƙuri ba in nemi wani masauki. Na juya ga baƙin nan uku na ce kada su ba shi takardunsu. Ɗaya ya ce mini shi bai san ni ba, Sa'idu kuwa Alhaji ya yabe shi. Ina fita ina jin ana ce mini mai baƙin ciki. Har yau in na tuna zauren nan sai in ji ɗaci a bakina, don Sa'idu shi kaɗai ba zai iya ba. Sai da dattawa masu rawani suka zauna suna kallo, baƙi na shiga hannunsa ɗaya bayan ɗaya.

Muka koma kwana a barandar wani masallaci. Na sami wani mai garejin da ya yarda in riƙa yi masa walda, abin da na samu mu ci tare da Bappa. Ya rame, wasan ma ya daina. In na ce masa talakana sai ya yi murmushin dole. Ni ma gida ya riƙa zuwa mini ba shiri. In ina cin rogo sai in tuna kifin Binuwai da ake gasawa a bakin kwata, da muryar mahaifiyata tana kiran ƙannena da Barbarci. Ban rubuta wa kowa ba. Me zan ce? An dawo da ni daga bakin ƙofa saboda wan da ban taɓa yi ba?

Wata rana mai garejin ya aike ni gyaran ƙofar ƙarfe a gidan wata dattijuwa, Madam Odil. Ina aiki tartsatsi ya faɗa mini a ƙafa, na yi tsaki na yi magana da Fulatanci. Sai na ji an amsa mini daga baranda, da Fulatanci tsantsa. Ashe malamar makaranta ce da ta yi shekaru tana koyarwa a Garwa. Ta kawo mini ruwa, ta tambayi labarina, na zazzage mata duka. Ta ce gobe in zo da dattijon da dukan takardunmu, da sabon fom, kuma kada in bar kowa ya taɓa shi.

A teburin cin abincinta muka zauna. Ta ce ba za ta rubuta ko ɗigo ba sai mun ji tambayar da harshenmu mun amsa da bakinmu. Ta fara da Bappa.

"Baba, sunanka?"

"Hammajam."

Ta buɗe fasfo. "A nan Muhammadu aka rubuta. Abin da ke fasfo shi za mu sa, harafi ba zai bambanta ba. Hammajam na gida ne."

Ta tambayi shekarar haihuwa, Bappa ya ce shekarar da fara ta cinye dawa. Ta yi dariya, ta kwafe wadda ke fasfo. Sana'a, manomi. Dalilin tafiya, duba ɗa marar lafiya. Adireshi, ta ɗauko daga bayan wasiƙar Usumanu, ta karanta masa, ya ce shi ne. Ni kuma ta ce bizar aiki daban take da ta ziyara, fom ɗin ma ba iri ɗaya ba ne, na koma na sake karɓo wanda ya dace. Ta fara rubutawa da fensir a wata takarda, sai da muka bi layi layi muka tabbatar, sannan ta sa tawada.

Can ƙasa akwai tambaya, ko an taɓa hana mutum shiga ƙasar. Mai garejin ya riga ya ba ni shawara in ce a'a, in ma ya yiwu in yage shafin jan hatimin. Na gaya wa Madam. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Ƙaryar farko wani ya yi muku. In ka ce a'a, wannan taka ce. Za mu rubuta e, mu haɗa da bayanin yadda aka yi."

Ta rubuta bayanin, ta fassara mana, sannan na sa hannu, Bappa ya dangwala. Ita ta raka mu ofishin da kanta, cikin zanenta na zuwa coci. Ta kuma buga wa gidan Usumanu waya ta gidan waya. Amsa ta zo daga matarsa, gajeriya: a yi sauri.

Amma jan hatimin nan ya riga ya ɓata mana suna. Fom ɗin da Sa'idu ya cika da ƙarya nan da nan ya fito, na gaskiya kuwa sai da aka yi ta bincike. A dawo gobe, a dawo jibi, an aika tambaya Libarbil, ba a amsa ba tukuna. Kullum Bappa na kan benci tun kafin a buɗe ƙofa. Kullum kuma sai mun ga Sa'idu ya wuce da kwat ɗinsa da fasfon mutane a hannu. Ran nan har ya tsaya ya ce, "Bappa, ina gajiya?" Bappa ya amsa masa. Ni na tofar da yawu.

Damina ta kusa ƙarewa kafin bizar ta fito. Muka sake bin jar hanyar, muka sake hawa kwalekwalen. Jami'in nan dai shi ne. Ya karanta, ya yi tambayoyi, amsarmu ta yi daidai da takarda, ya buga hatimi ya miƙo ba tare da ya ɗaga kai ba. Abin bai kai shan kofin shayi ba.

Direba bai yi ƙarya ba, kafin la'asar muna Oyem. Muka yi tambaya aka nuna mana shagon tela. A rufe yake. Wata mata 'yar ƙasar ta fito daga gidan baya, da farin mayafi. Ta dubi Bappa, ta durƙusa, ta kama ƙafarsa tana kuka. Ba sai an yi mana tafinta ba.

Limamin Hausawan garin ya kai mu maƙabarta. Ƙasar kabarin ba ta gama kwantawa ba. Bappa ya tsuguna ya yi addu'a mai tsawo, ya dafa ƙasar da tafinsa, ya ce, "Na zo, Usumanu."

Da muka dawo gida matar ta ba mu labari, da 'yar Hausar da ta koya wurin mijinta. Ashe direban nan ya kawo saƙo. Usumanu ya ji babansa na bakin ruwa. Lokacin yana iya zama, har yana shan kunu. Ya sa aka yi masa aski, aka sa masa riga mai kyau, aka fitar masa da kujera ƙofar shago. Kullum a nan yake yini yana duban duk motar da ta tsaya, har ƙarfinsa ya kasa aka mai da shi ɗaki.

Na tashi na fita waje, don ban iya zama ba. Ina tsaye sai ga wata yarinya ƙarama ta leƙo daga bayan ƙofa, ta wuce ni ta shiga. Na ji uwar tana cewa, "Dija, zo ga kakanki." Na leƙa. Bappa ya ɗago kai da sauri, ya sa aka maimaita sunan. Ashe sunan matarsa ne, mahaifiyar Usumanu, wadda ta rasu tun yana yaro. Ya miƙa hannu, yarinyar ta yi jim, sannan ta je ta zauna a cinyarsa tana wasa da gemunsa. Sai a lokacin ya yi kuka.

Na kwana biyu tare da su, sannan na wuce. Gurbin da Bassi ya riƙe mini an ba wani tuni, sai ƙaramin aiki ya samo mini a wani gareji, da shi na fara. Bappa kuwa ya zauna a Oyem har wa'adin bizarsa ya cika.

Ranar da za mu rabu ya rako ni tasha, Dija na riƙe da yatsansa. Na ce masa in Allah ya mai da ni Jimeta sai na nemi gidan su Sa'idu na faɗa wa iyayensa abin da ɗansu yake yi. Ya girgiza kai.

"Bar shi, Babarbare. Kwanan Usumanu ne ya ƙare. Ni na yafe masa."

Na ce, "Bappa, kwana ya ƙare, na yarda. Amma kujerar nan fa da aka yi ta fitarwa?"

Ya dafa kafaɗata ya yi mini addu'a, mota ta tashi. Shi ya yafe, kuma ya fi ni, Allah ya jiƙansa. Ni dai gashina ya yi fari kamar nasa yanzu, kuma ban yafe ba.